Kyauron Na'Allah

"Ajiye shi inda ka ɗauko shi!"

Muryar maƙwabcina Na'Allah ce ta tsallako danga da hantsin wata Litinin. Na fito da buta a hannu. A ƙofar gidansa na tarar da gardi biyu, dogaran biro, wato ofishin gwamnati, ɗaya da wani dogon dami a kafaɗa, ɗayan yana kallon yatsun ƙafarsa. Tsakaninsu da tsohon kuwa ɗansa Sa'adu ne tsaye, cikin farar taguwa mai aljihu, da alƙalami biyu a soke.

"Baba, aro ne. Ran Asabar za a maido maka abinka."

"Aro? Wa anka roƙa? Na zaga bayan gida, kun hau rufin madafa kun kwance man kaya, sannan ka ce aro? Mushe, a lakwal haka anka koya maku aro?"

"Baƙo ne za ya zo daga Yamai. An rubuto takarda, da sunanka a ciki."

"Sunana a takarda, kyaurona a kafaɗar gardi."

Sa'adu ya yi wa gardin alama da ka, suka kama hanyar biro. Tsohon ya bi su taku biyar ko shida babu takalmi, yashi ya yi masa zafi, ya tsaya.

Shekara ta biyu ke nan da samun mulkin kai, ƙarshen bazara. Na'Allah ya haura saba'in, kuma duk Dakoro shi kaɗai ya rage mai yin kibau. Bai taɓa kiran sunan Sa'adu ba, domin ɗan farinsa ne. Tun da yaron ya sami aikin rubutu a biro sai ya koma ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko.

Damin da aka ɗauka kyauro ne, karan da ake yin sandar kibiya da shi. Ba ya fita a yashinmu. Kowace kaka tsohon kan hau jaki ya yi kwana huɗu zuwa bakin gulbi, can kudu, ya yanko da hannunsa, ya rataye a rufin madafa hayaƙi ya yi ta bin sa wata bakwai. Wanda bai sha hayaƙi ba yana tanƙwarewa da ya ji raɓa. Abin da ya yanko shekarar nan duk ya yi alkawarinsa ga mutum guda, wani Bafillace mai suna Cindo. Bara a mashekarinsu na arewa, inda suke damina da shanu, kuraye sun ci masa maruƙa goma sha ɗaya, sun kuma yage cinyar ƙaninsa. Ba shi da takardar riƙe bindiga. Na'Allah ya ce masa kibau sittin kafin ruwan farko, domin da ruwa ya sauka shanu za su tashi arewa, ba sa jiran kowa. Ya gama ashirin. Sauran kyauron, guda arba'in da shida, shi ne gardi ya tafi da shi.

Kibiyar Na'Allah ba ta da gashi a gindi. Sanda ce miƙaƙƙiya, da ƙarfe mai kunne biyu a baki, an naɗe wuyan da jijiyar bijimi. Nauyin ƙarfen ke jan ta. Haka ubansa ya yi ta, haka kuma duk maharban da na sani ke riƙe ta.

Ni sunana Mamani. Na yi shekara huɗu a lakwal a Maradi, ina jin Faransanci, sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa. Teburina yana ƙarƙashin barandar biro, kuma Sa'adu ne ya nema mini wurin. Na faɗi wannan tun yanzu don a san inda nake tsaye a cikin maganar.

Ran Litinin ɗin da la'asar Cindo ya zo, da sandarsa a wuya, ya tsuguna a bakin zaure.

"Kaɗo, ina kibiyoyina?"

"Sun tahi lakwal. Za a koya masu tashi kamar zabi."

Cindo ya yi dariya, har sai da ya dubi rufin madafa ta saman danga ya ga igiya biyu na lilo babu komai.

"Ka duba gabas kuwa?" in ji shi. "Jiya an yi walƙiya wajen Rumbu. Shanu sun fara shinshinar iska. Ba mu da kwana bakwai."

"Na ce maka sittin. Ka taɓa jin na ce sittin ka iske hamsin?"

Ran Talata Na'Allah ya zo biro da kansa. Ya zauna a ƙasa kusa da teburina daga safe har rana ta take. Da Sa'adu ya fito sai ya tsuguna ya gaida ubansa yadda ya kamata, sannan ya yi masa bayani. Wani ofis ne a Yamai mai kula da sana'o'in hannu yake so a gyara kibau na ƙasa, a sa musu gashin tsuntsu a gindi kamar na Turai, a riƙa kai su bajekoli baƙi na saye. Akwai ƙarfen da ke riƙe gashin daidai har ya manne. Baƙon zai zo da iri uku, a gwada, gwanin gari ya zaɓi wanda za a sayo wa masu sana'ar.

"Masu sana'ar su wa? Ni kaɗai ne."

"Shi ya sa anka rubuto sunanka, Baba."

"Kura ta ce maku tana son gashi?"

"Asabar dai, Baba. Ka yi haƙuri."

Tsohon ya lissafa kwanaki da yatsu. Ya ce da ni a hanyar gida, tun da Asabar ce, gobe zai dafa dafi ya shafe ashirin ɗin da suka samu, kafin damshi ya sauka. Daga Laraba zuwa Asabar kwana uku ne cif, hannunsa zai fita.

Kowa a unguwarmu ya san dokar ranar dafi. Yakan fita bayan gari da tukunyarsa da ƴaƴan kwankwani, ya dafa inda iska ba ta biyo gari, ya shafa wa bakin kibau. In ya dawo sai ya ɗaura kaba a ƙofar gida. Yakan wanke hannu da toka da ruwan tsamiya, amma baƙin abin yakan maƙale a faso da layukan tafi, ba ya fita sai bayan kwana uku. A kwanakin nan ba ya gaisawa da kowa da hannu, ba ya cin tuwo sai da cokalin itace, ba ya taɓa wuƙa, ba ya taɓa ƙaya, ba ya ɗaukar baka. Dafin ba ya yin komai a kan lafiyayyar fata. Ƙofa yake nema, ko da ta ƙarzunar farce ce.

Ran Laraba da sassafe na ga ya fita da tukunya. Bai kai awa biyu da fita ba mota ta shigo gari. Baƙon ya ji labarin walƙiya tun a Maradi, aka ce masa in ruwa ya sauka hanyar Dakoro ba ta biyuwa, sai ya jawo tafiyarsa kwana uku. Ya ce da la'asar zai juya.

Bayan azahar Sa'adu ya ce in raka shi gida. Kabar na ɗaure a ƙofa, ɗanya shar. Uwarsa Furera na tsaye a zaure da taɓarya.

"Kai, ba ka ga kabar ba?"

"Na gani, Inna."

"To, koma."

"Inna, mutum ya taso tun daga Yamai. In na koma ni ɗai mi zan ce?"

"Ka ce abin da kabar ta ce. Cikin gidan ga anka haihe ka. Da kana rarrahe, ranar dafi a bayana kake wuni ɗaure, ko hitsari za ka yi ba na sauke ka."

Na'Allah ya fito daga ɗaki, hannayensa a buɗe nesa da riga, kamar mai ɗauke da tire.

"Ka gaida baƙon, ka ce mashi Asabar."

"Baba, Asabar shina Yamai. Kuma ya ce in ba a yi gwajin nan ba, damin za ya sa a mota, a gwada can."

"Wane dami?"

Sa'adu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce wa Furera ta ɗauko masa bakansa ta rataya masa a kafaɗa, ta kuma yago masa ƙyalle. Ta ce ba ta yi. Ya ce to Mamani zai yi. Na yi.

A filin biro an fito da tebur. Mutane sun taru, Cindo na cikinsu, ya jingina da sandarsa. Baƙon Nasara ne, bai wuce shekara talatin da biyar ba, rana ta ƙona masa hanci. Mutum ne mai fara'a. Ya ce "sannu" da Hausa, ya miƙo hannu. Na'Allah ya mayar da nasa hannayen baya.

Baƙon ya tambayi Sa'adu da Faransanci ko ya yi wani laifi ne.

"Gaya mashi," in ji tsohon. "Ka ce yau ranar dafi ce. Ka ce hannuna ba ya ɗaukar baka sai bayan kwana uku."

Sa'adu ya juya ya ce wa baƙon al'ada ce ta tsofaffi, ba wani abu ba, kuma ubansa yana murna da zuwansa. A filin nan mutum uku ne ke jin Faransanci: baƙon, Sa'adu, da ni. Na dubi teburina a can ƙarƙashin baranda. Ban ce komai ba.

Ƙarafan uku na jere a kan tebur. Na farko gindinsa katako ne, babba, sai an kafa shi a tebur. Na biyu na baƙin ƙarfe, mai muƙamuƙi uku, yana manna gashi uku a lokaci guda, amma nauyinsa ya kai na dutsen niƙa ƙarami. Na uku ɗan mitsitsi ne, yana naɗewa ya shiga aljihu. Shi baƙon ya fi yabo. Ya ce mai yawon kasuwanni zai iya tafiya da shi duk inda ya je. Tun da hantsi baƙon yake aiki. Ya manna wa kyauro tara gashin zabo, uku daga kowane ƙarfe, maƙerin kasuwa ya sa musu baki. A ƙarƙashin tebur akwai guda huɗu da baƙin ƙarfen ya fasa. Na ga idon Na'Allah ya sauka a kansu.

"Wata bakwai a hayaƙi," ya ce, ba da kowa yake ba.

An jingina buhun yashi a bango. Abin da ake so, ya harba ɗaya daga kowane iri, ya faɗi wanda ya fi, ya dangwala yatsa a takarda.

Cindo ya matso. "Ni in harba. Baka dai baka ne."

"Ba sunanka ke takarda ba," in ji Sa'adu. "Kuma hoto za a ɗauka."

"To a bar kibau ɗin. Kaɗo, na yahe. Ashirin sun ishe ni."

"Ashirin a raba ku huɗu, kai da ƙannenka? Kowa biyar? Kura ta ji labari ta yi guɗa." Tsohon ya juyo wurina. "Mamani, naɗe man."

Na naɗe masa hannun hagu da ƙyallen, ninki biyu, daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu, inda kibiya ke bi in ta fita. Baƙon ya ce dabara ce mai kyau, su ma a ƙasarsu fata suke sa wa. Bai zo da fatar ba.

Ta farko ta shiga buhu. Ta biyu ma haka, aka yi tafi. Ta uku daga ɗan ƙaramin ƙarfen ta fito. Muƙamuƙinsa gajere ne, bai danne gashin har baki ba, tsinin ƙashin gashin ya ɗago kaɗan daga sanda. Wannan daga baya na gane shi, da na riƙe abin a hannuna. A lokacin dai na ji tsirkiya ta yi ƙara, kibiya ta karkace ta daki bango, tsohon ya saki baka.

Guntun ƙashin gashin ya huda ƙyallen ya shige tsakanin babban yatsa da manuniya. Tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Jinin ma kaɗan ne.

Cindo ne ya fara isa. Ya kwance tsirkiyar bakan ya ɗaure damtsen da ita, ya zare abin da haƙori, ya tsaga wurin da wuƙarsa, ya tsotsa ya tofar, ya tsotsa ya tofar. Baƙon ya ruga mota ya kawo kwalbar jan magani da auduga, yana ta ba da haƙuri. Ya ce shi ma ya sha samun irin wannan, gobe zai warke. Ya tambayi dalilin da ya sa mata suka fara salati. A nan ne na buɗe baki, na gaya masa da Faransanci abin da ke hannun tsohon. Ya dube ni, ya dubi Sa'adu. Ya tambaya me ya hana a gaya masa tun farko.

"Ina takardar?" in ji Na'Allah. "A gama."

Sa'adu ya kawo ta. "Wanne za a rubuta, Baba?"

"Wancan ƙaramin. Shi ya fi sauƙin jehawa rijiya."

Aka rubuta ƙaramin. Ya dangwala babban yatsan dama.

"Kyaurona."

Ni na ɗauko damin. Guda talatin da uku suka rage. Taran masu gashi an sa su a mota. Baƙon ya ce a tafi da tsohon Maradi. Na'Allah ya ce ba ya hawa, yana da aiki a gida. Hadari ya taso daga gabas, direba ya matsa, motar ta tashi kafin la'asar. Takardar biro ta ce Sa'adu ya raka baƙo har Maradi. Ya tsaya jim da ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ya shiga.

Kafin mu kai gida tsohon ya fara amai. Furera ta dama masa makarin dafi da yake ajiyewa a ƙahon rago, ya sha, ya dawo da shi. Mai allurar gari ya zo da kekensa, ya riƙe masa wuyan hannu yana duban agogo. Ya ce bugun arba'in ne a minti, ya kamata ya kai saba'in. Ya yi masa allura. Ya ce da saurayi ne da zai ce a jira a gani.

Ran Alhamis da safe Na'Allah ya sa aka fito da shi zaure, aka jingina shi da bango. Ya ce a kawo damin, da ƙwaryar da bakunan ƙarfe ke ciki, da jijiya da aka jiƙa.

"Ku biyu za ku yi. Ni ina kallo."

"Baba Na'Allah, ni alƙalami na iya," na ce.

"Na sani. Na ga yadda ka iya shiru ma. Zauna."

Na zauna. Cindo na soka ƙarfe a bakin kyauro, ni ina naɗi. Duk wadda muka gama sai a kai masa ita saitin ido, a juya a hankali, shi ya ce ta yi ko ba ta yi ba.

"Kwance. Wanga naɗi ne ko rawanin mahaukaci? Zare bisa zare, kada ka bar ƙofa. Cindo, kai kuma ka iya tatsar nagge amma ba ka iya riƙe kara ba? Sassauta, ba wuyan ɓarawo ba ne."

"Kaɗo, ko kana kwance bakinka bai kwanta ba."

"Shi ɗai ya rage man. Juya ta."

Yakan yi shiru tsakanin magana, idonsa a rufe, har mu ɗauka barci ne, sai ya ce, "Ta nawa ke nan?" Ya ce yana ganin komai rawaya-rawaya. Furera na bayan ƙyaure tana kawo kunu tana mayarwa.

Da la'asar ruwa ya sauka, mai yawa, har ya cika kwararo. Ƙanen Cindo ya zo a jiƙe ya ce gobe da asuba za su tashi. Cindo ya ce su yi gaba, zai biyo su.

Ran Juma'a da hantsi muka gama ta talatin da uku. Tsohon ya sa aka zuba su cikin kwari tare da ashirin na farko, aka rataye a ɗakinsa. Ya ce sauran dafin na cikin wani ƙaho dabam, Cindo ya tafi da shi, ya shafa a can, ya kuma kiyaye kwana ukun.

"Hamsin da uku," ya ce. "Saura bakwai. Ban taɓa yi ba."

"Na yahe, Kaɗo."

"Ni ban yahe ba."

Ban san wa yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ya nemi ruwa, Furera ta ba shi da ludayi. Ya cika kafin a kira sallar Juma'a. Aka yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, mutane da yawa, aka kai shi. Ƙasar kabarin danshi ce har kamu biyu.

Mai allura ya rubuta a littafinsa cewa zuciya ce. Cindo ya ce dafi ne. Ni abin da na gani shi na faɗa.

Sa'adu ya iso ran Asabar da rana, a kan raƙumin wani fatake, domin mota ba ta iya hanya. Tun daga bakin kasuwa aka yi masa gaisuwa. Ya shiga gida, ina biye da shi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa. Tana ciki, ta shiga takaba, labule a sake.

"Inna."

Ya matsa kusa da labulen.

"Inna, wallahi ban zaci abin za ya kai haka ba. Na ga an naɗe hannun."

"Sa'adu."

Matan da ke zaune a tsakar gida suka ɗago kai gaba ɗaya. Shekararsa talatin da biyu, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunyarsa take ji.

"Sa'adu, ka ga kabar. Ka ce man ka gani. Tashi ka tahi wajen maza, ana yi maka gaisuwa."

Ya tashi. Ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa har yamma. Na zauna kusa da shi, tun da wurina ke nan. Ran Litinin na ɗauke teburina daga barandar biro na kai shi bakin kasuwa, wajen masu gyaran keke. Ba wanda ya ce in ɗauke, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili. Bayan wata biyar akwati ya zo daga Yamai da ƙananan ƙarafan guda goma sha biyu. Yana nan a ɗakin ajiyar biro, an ɗora masa tulun ruwa.

Cindo ya tsaya har aka yi addu'ar uku ran Lahadi. Da aka shafa fatiha ya zagaya bayan gida, ya tsaya jikin danga ya yi sallama. Mai takaba ba ta fita, ba ta kuma haɗa ido da namiji. Can sai muka ga kwarin ya ɗago ta saman danga, hannu ɗaya na riƙe da shi, ƙahon dafi na ɗaure a jikin maratayinsa. Cindo ya karɓa da hannu biyu.

"Allah shi jiƙan shi, Inna."

"Amin. A gaida shanu."

Na raka shi har bayan gari. Garken ya yi kwana biyu da wucewa, amma ruwa bai sake sauka ba, sawun kofato na nan a yashi, faɗinsa ya kai na hanyar mota, ya miƙe arewa. Ciyawa ta fara tsirowa a cikin ramukan sawun. Cindo ya gyara kwarin a bayansa, ya ɗora sanda a wuya, ya shiga tsakiyar sawun ya kama tafiya.